Shagon da na samo Sullamu a cikinsa, nan cikin tsohon garin Sakkwato

Jama'a assalamu alaikum. Tun watan jiya nake son in yi rubutu kan wani shagon littattafai da ke nan cikin gari, ba nisa da Masallacin Shehu, don mutum uku ke nan suna tambaya ta ina na samo littattafan manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, irin su Sullamu, da sunka gani a hoton da na ɗora, to gara in yi bayani sau ɗaya kowa ya samu. Shagon ba shi da allon suna, mutanen unguwa da sunan mai shi suke kiran wurin, ni kuma ban nemi izininsa ba, don haka ba zan sa sunan dattijon mutane a intanet ba. Amma in ka sauka kabu-kabu wajen masallacin ka tambayi masu sayar da tasbaha da turare ina ake samun littattafan manɗiƙi, za su nuna maka lungun.

Abin da ya kai ni ƙanwata ce. Tana karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sunka shiga kwas ɗin nan na GST da ake koyar da falsafa da manɗiƙi, wanda ko me kake karantawa sai ka bi ta kansa. Ta dawo gida hutun ƙarshen mako ranta a jagule, ta ce Yaya ni fa ban gane komai ba, kuma wata ƙawarta a hostal ta ce mata wai wanga ilimi na kafirai ne, bai kamata musulmi ya sa kansa ciki ba, a dai haddace a ci jarabawa a manta. Maganar ta tsaya mani a rai. Ni na yi karatun zaure daidai gwargwado, na sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, na taɓa Risala, na yi Ajuruma, amma manɗiƙi sunansa kawai nake ji a bakin malamai. Sai wani abokin aikina ya ce je wurin Baba mai littattafai, in akwai abin da zai warware maka shi ne.

Shagon ƙarami ne, ɗaki ɗaya mai zurfi, kanta hagu da dama har rufi, ga benci ɗaya da tabarma. Na yi sallama, ya amsa, munka gaisa, ya ce ɗana mi kaka biɗa? Na ce Allah shi gafarta Malam littafin manɗiƙi nake nema na mai farawa. Bai tashi ba tukun, sai ya tambaye ni me na karanta a baya. Da na ambaci Ahalari sai ya yi murmushi, ya miƙa hannu ya zaro wani siririn littafi ya aje mani a cinya, ya ce to mai Ahalarin naka shi yar rubuta wanga.

Wallahi sai da na yi shiru. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin ƙasar Aljeriya, wanda duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar Hausa da littafinsa ya koyi tsarki da alwala da ƙabli da ba'adi, ashe shi ne mai As-Sullam, waƙar manɗiƙi mai baitoci 140 da 'yan kai, ya tsara ta a shekarar 941 bayan hijira, wato wajen 1534, yana ɗan shekara 21, kuma shi da kansa ya faɗi shekarun nasa a ƙarshen waƙar yana neman uzuri a wurin masu karatu. Baba ya ce kuma shi ne dai mai Jauharul Maknun na balaga. Mutum ɗaya, fiƙihu da manɗiƙi da balaga. Na tuna maganar ƙawar ƙanwata, na ce a raina ashe wanda ya koya mana alwala bai ga aibin abin ba.

Da na gaya wa Baba abin da anka ce wa yarinyar, bai yi faɗa ba, bai kuma ce maganar ba ta da tushe ba, kuma wannan ne abu na farko da ya sa na girmama shi. Ya buɗe Sullamun ya nuna mani fasalin da marubucin ya kawo saɓanin da kansa: Ibnus Salah da Imam Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a san shi, shi kuma ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai cikakken hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Ya ce Imam Gazali, wanda ya rasu 1111, a gabatarwar Mustasfa ya nuna wanda bai san wanga fanni ba ba a sakin jiki da iliminsa, ga kuma Ibnu Taimiyya ya rubuta littafi guda na raddi ga masu manɗiƙi, kuma duka biyun suna nan a kanta ɗaya, ya nuna mani su da ɗan yatsa. Har ya ba ni labarin Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yadda sunka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi, Suyuɗi na hanawa Magili na kare manɗiƙi, kuma Magilin ma yana da tasa waƙar a fannin. Mai shago da zai iya gaya maka wa ya ce e wa ya ce a'a, ya sayar maka da littafin kowanne bai ɓoye ɗaya ƙarƙashin tebur ba, ni dai ban saba gani ba.

Abu na biyu, ba ya sayar maka da abin da ya fi ƙarfinka. Idona ya kai kan Tahafutul Falasifa na Gazali da martanin da Ibnu Rushdi ya yi masa, Tahafutut Tahafut, bugu mai kyau mai bango mai tauri, na ce Baba a haɗa mani da waɗannan. Ya ce a'a. Ya ce ma'anar sullamu ai tsani ne, kuma ba a hawan tsani daga bisa, ka tafi da matanin, ka haɗa da sharhin Damanhuri, Idahul Mubham, don shi ne mai sauƙi, in ka gama ka dawo ka ɗauki Isaguji na Abhari, daga nan sai Shamsiyya, kafin ka kai ga rigimar Gazali da Ibnu Rushdi ka san da wane harshe suke faɗa. Ku duba fa, littattafan da ya hana ni sun ninka waɗanda ya ba ni kuɗi sau da yawa. Kuma a nan na ji cewa sunan Isaguji ba Larabci ba ne, kalmar Girkanci ce mai ma'anar gabatarwa, daga littafin da wani masani Furfuriyus ya rubuta don share fagen karanta manɗiƙin Aristo, sai sunan ya bi ilimin har ya shigo zaurukanmu.

Na kai wa ƙanwata, munka zauna da handawut ɗinta a gefe guda da Damanhuri a gefe guda, ina karanta Larabcin ina fassara mata iya abin da na gane, inda ya gagare ni in kai wa malaminmu bayan magariba. Sai ga shi abu ɗaya ne. Abin da lakcara ya koya musu na jumla biyu da ake haɗawa a fitar da ta uku, shi ne ƙiyasi, muƙaddima ƙarama da muƙaddima babba sai natija. Duk mai rai zai mutu, raƙumi mai rai ne, ke nan raƙumi zai mutu. Har siffofi huɗun nan da ta ce sun fi rikita ta, suna nan a Sullamu da sunan ashkalu, da sharuɗɗan kowanne a baiti. Inda abin ya fi yi mata daɗi shi ne da munka zo kan ƙiyasin da yake kama da daidai alhali ba daidai ba ne. Na ce mata duk wanda ya sha fura ya ƙoshi, Malam wane ya ƙoshi, ke nan fura ya sha? Ta yi jim ta ce a'a Yaya, ai ta yiwu tuwo ya ci. Na ce to kin gama gane darasin. Tun daga ranar in anka turo wani dogon saƙo a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp mai cewa tunda kaza ya faru to lalle wane ne ya jawo, sai ta rubuto mani a gefe ta ce Yaya ga mai fura can.

Bari in koma kan shagon. Ɓangaren harshe shi ne ya fi cika, kuma ba mamaki don shi ake saye kullum. Ajuruma kala-kala, mai wasali da marar wasali, Mulha ta Hariri, Ƙaɗrun Nada, Alfiyyar Ibnu Malik da sharhin Ibnu Aƙil, Lamiyyatul Af'al, Maƙama, ga Ƙamusul Muhiɗ mujalladi ɗaya mai kauri. Abin da ban zata ba shi ne kusurwar Hausa. Na ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito 2006, na ga littafin nahawun Hausa na Farfesa Galadanci na 1976, sai wani tsohon kwafin ƙamusun Bargery, wanda anka fara bugawa 1934, bangonsa ya ci jiki an ɗaure shi da zare. Baba ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, amma duk mai so ya zauna a benci ya duba. Na zauna kuwa, kusan awa ɗaya, ina bin kalmomin da anka yi wa alamar cewa na Sakkwato ne, wasu rabon da in ji su tun kakata na da rai. Na tambayi babban littafin nahawun Hausa na Paul Newman na shekarar 2000, ya ce ya taɓa samun ɗaya tak daga hannun wani malamin jami'a da ya yi ritaya, kwana biyu bai yi ba anka saye.

Daga irin waɗannan hannun ne ma 'yan littattafan Turanci da ke shagon suke fitowa, duk kwance ne. A cikinsu na tsinto wa ƙanwata littafin manɗiƙi na Copi, tsohon bugu wani ya ja layi da biro a shafuka da yawa amma ba abin da ya ɓace, da ɗan ƙaramin littafin Bertrand Russell kan matsalolin falsafa. Baba ba ya jin Turanci sosai, amma ya aje Copi kusa da Sullamu ba cikin littattafan firamare ba, ya ce ɗalibai sun gaya masa hanyarsu ɗaya. Ni wannan jerin kawai ya ishe ni dalilin yaba wurin, don a yawancin shagunan garin nan littafin boko da littafin zaure ko ƙofa ɗaya ba sa shiga.

To yanzu ga inda raina bai yi daɗi ba, kuma na gaya wa Baba baki da baki kafin in rubuta nan.

Na farko ɓangaren kimiyya ba shi da ƙarfi ko kaɗan. In ka cire littattafan share fagen WAEC da JAMB, waɗanda wasunsu ma bugun ya dushe har zanen ƙwayar halitta ba ka bambance komai a ciki, abin da ya rage bai fi a ƙirga da yatsu ba. Na nemi wani abu kan Khawarizmi mai aljabara ko Ibnul Haisam mai littafin gani da haske, babu. Ƙanun na Ibnu Sina akwai, amma masu maganin gargajiya ke sayensa don haka an kai shi can cikin littattafan ɗibbu. Na tambayi Ikon Allah, littafin kimiyya da Hausa wanda Dokta East da Abubakar Imam sunka rubuta ya fito 1949, wanda iyayenmu sunka karanta a makaranta, Baba ya ce ya daɗe bai sa shi a ido ba. Abin ya dame ni, don wanga gari ba baƙon lissafi ba ne. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya dawo Sakkwato karo na biyu a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin Uƙlidis na lissafin siffofi da Larabci, kuma Bello ya gaya masa ai gidansu suna da kwafi da wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, gobara ce ta cinye shi, daga baya ma Baturen ya shiga ya tarar da shi zaune yana karanta littafin. Sarki ne fa mai yaƙi a gaba da mulki a wuya. Shi ɗin kuma ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Can Katsina ga Muhammad al-Kashnawi masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira 1741. Yau shekara kusan 200 bayan Bello ka shiga shago ƙafa kaɗan daga inda ya zauna ka rasa Uƙlidis, da Larabci ko da Turanci.

Na biyu, kuma shi ya fi yi mani ciwo, littattafan malamanmu na nan a waɗannan fannoni kusan babu su. Na Shehu da na Abdullahin Gwandu da na Bello kan tauhidi da fiƙihu da siyasa akwai su, Liya'ut Ta'awili ma na nan bugu mai kyau. Amma na nemi Bahrul Muhiɗ na Abdullahi, waƙar nahawu mai baitoci sama da 4,000, da Hisnur Rasin na sarfu, sai fotokwafin rubutun hannu ya ɗauko mani, an ɗinke da sitafula, gefen wasu shafukan inji ya yanke. Na tambayi rubuce-rubucen Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda anka haifa 1804 ya rasu 1864, ya zauna Salame, mutumin da ya yi rubutu a falsafa da tasawwufi da tarihi, wanda Baturen Jamus Barth da ya haɗu da shi a 1853 ya shaida cewa ya fi kowa ilimi a mutanen Sakkwato na zamaninsa. Raudatul Afkar kawai Baba ya sani a kasuwa, shi ma ba shi da shi a lokacin, na falsafar kuwa ya ce sai dai in gwada gidan tarihi na Waziri Junaidu ko wurin masu bincike a jami'a. Na san wannan ba laifin mai shago ba ne, abin da anka buga shi yake sarowa. Amma dai ina faɗi don mai zuwa ya sani, za ka samu Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba cikin bango mai ruwan zinari, ɗan Tafa na Salame da ke nan arewa da mu ba za ka same shi ba. Kuma duk shagon ban ga littafin manɗiƙi ko ɗaya da Hausa ba, ko da fassarar Sullamu ce, alhali malamai na fassara shi da baki a zaure shekara da shekaru.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ƙura akwai ta, musamman kantocin sama, lokacin hunturu in kana da asma ka zo da takunkumi. Zafi kuma in an shiga watan Afrilu ba a magana, fanka ɗaya ce kuma sai da wuta, har gam ɗin wasu littattafan ya bushe, kana buɗewa ka ji ƙas. Ba su da jerin abin da ke shagon a rubuce, komai a kan Baba yake, don haka in ka tarar da yaron shi kaɗai, yaro ne mai ladabi amma in ka ce Isaguji sai ya ce ka dawo in Baba ya zo. Ana karɓar taransifa amma ka riƙo tsabar kuɗi don netwok na yawan yankewa a lungun. Ana rufewa duk lokacin salla, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko.

Sannan ka duba littafinka shafi-shafi kafin ka fita. Damanhurin da na fara ɗauka sai da munka yi nisa na tarar an maimaita wasu shafuka an tsallake wasu, daidai babin ƙiyasi kuwa. Na mayar bayan kwana tara, na ɗan lanƙwasa bangon ma, ina tunanin za a yi ja-in-ja. Baba ya karɓa ya duba, ya ce laifin maɗaba'a ne ba naka ba, ya ɗauko wani, ya zauna ya ƙirga shafukan a gabana ɗaya bayan ɗaya sannan ya miƙo mani, ko sisi bai ƙara ba. Sannan ya sa yaron ya sauko da sauran kwafin duka a duba su.

Maganar kuɗi, ƙananan matanoni irin su Sullamu da Ajuruma da Isaguji ba su da tsada, ɗalibi zai iya saye daga kuɗin kashewarsa. Manyan bugun Beirut da Masar masu mujalladi da yawa su ne sunka yi tashin gwauron zabo tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma wannan ko'ina haka ne, na kwatanta da wasu wurare biyu na ga nasa bai fi nasu ba, wani ma ya ɗan yi ƙasa. Ba ya son dogon ciniki, in ya faɗi kuɗi abin da zai rage kaɗan ne, amma na ga da idona ya bar wa wani almajiri littafi ya ce ya kawo cikon in ya samu. In abu babu shi kuma yana sa a taho da shi daga Kano ko ta hannun masu zuwa Umara, sai dai ka yi haƙuri, wanda ya ce mako biyu yana iya kai wata.

Wanda zan ce ya je: ɗalibin jami'a ko na kwalejin Shehu Shagari da kwas ɗin manɗiƙi ya sha masa kai kuma yana ɗan jin Larabci ko yana da mai karanta masa, ɗalibin zaure da ya gama nahawu yana son ya san me ke gaba, da mai nazarin Hausa. Wanda yake neman sababbin littattafan kimiyya kuwa kada ya ɓata kuɗin kabu-kabu. Lokacin da ya fi shi ne da hantsi, tsakanin goma da sha biyu, kafin rana ta take, sannan Baba na da sukunin zama ya yi maka bayani.

Ƙanwata ta rubuta jarabawarta makon da ya wuce, ta ce tambayar ashkalu ta fito kuma ta amsa. Ƙawar tata ma ta karɓi aron Sullamun ta kai wa mahaifinta ya gani, har yanzu ba ta maido ba. Ni kuma na kai rabin Isaguji wurin malaminmu, shekaranjiya na biya na bar wa Baba kafin alƙalami na Shamsiyya, ya rubuta sunana a bayan wani kwali ya ce in leƙo bayan salla.